Injin da Ya Rabu da Bel da Giya

Duk wanda ya taɓa kai dawa niƙa a kasuwar Zuru ya san yadda inji ke juya dutsen niƙa ta hanyar bel. Idan bel ya saki, inji na ruri amma aiki na tafiyar hawainiya. A wurin niƙa wannan ƙaramar matsala ce. A na'urar da ake so ta tsaya daidai inda aka umurce ta kuwa, babbar illa ce, domin bel yana miƙewa, haƙoran giya kuma suna da 'yar tazara tsakaninsu, wadda ke ƙaruwa yayin da suke cinyewa.

Maganin da injiniyoyi suka samo shi ne a ɗora kayan aikin kai tsaye a kan sandar injin lantarkin, ba tare da ɗan aike ba. A jikin sandar akwai ma'auni mai sanar da kwamfuta inda aka kai, ita kuma ta ƙara wuta ko ta rage, sau dubbai cikin daƙiƙa ɗaya. Da yake babu sako-sako a tsakani, abin da ma'aunin ya faɗa shi ne gaskiyar inda kayan aikin yake. Kamfanin Matsushita na Japan ya yi amfani da dabarar a na'urar juya faifan garmaho ta Technics SL-1200 a 1972. A 1981 kuma Haruhiko Asada da Takeo Kanade suka ƙera hannun mutum-mutumi marar giya a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka.

Mai karatu ba sai ya je Amurka ba, ya leƙa shagon tela kawai. Tsohon keken ɗinki na lantarki yana da inji a ƙarƙashin tebur, wanda ke juyawa ko ana ɗinki ko ba a yi. Sabon kuwa injinsa na cikin kan keken, ba ya motsi sai an taka, kuma yana iya tsayar da allura a cikin yadi domin tela ya juya kwana ba tare da zare ya kauce ba. Ga wanda ke sayen man janareta, wannan ragowa ce ta gaske.

Sai dai giya ba don ado aka sa ta ba: ita ke ninka ƙarfin murɗawa. Idan aka cire ta, dole injin ya yi faɗi, ya sami maganaɗisu mai ƙarfi, ya kuma jure zafi. Sa'an nan bel in ya tsinke, ko yaron shago zai sauya shi. Allon lantarki kuwa in wuta mai ƙarfi ta ƙona shi ana gab da bikin Uhola, sai tela ya jira wanda ya san gyaransa, kayan mutane na jibge a kan tebur.