Inda Gambar Iyaka Ta Ƙone

A karkarar Dambatta da Makoɗa da Kunci babu daji a tsakanin gonaki. Gona tana jingine da gona, abin da ya raba su bai wuce layin gamba ba, ko aduwa a kusurwa, ko dutsen da kakan wani ya binne. Galibinsu ba su da takarda. Amma in wuta ta cinye gambar da rani, ko garmar shanu ta share wani yanki na layin, ba a cewa gonar ta zama ta kowa. Mai unguwa ne zai fito da maƙwabta, a tsaya gindin aduwar, a hango dutsen, wani dattijo ya ce, "A nan na ga mahaifinka yana juya garma." Sai a miƙe layi daga abin da aka tabbatar zuwa abin da aka tabbatar.

Shekarun zaman mutum a ƙasa ma gona ce mai iyaka, ranar da ya nemi takardar zama ɗan ƙasa ake zagaya ta. Sashe na 27 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ce baƙon da ke neman wannan takarda sai ya zauna shekara 15 a jere. In ba haka ba, sai ya yi wata 12 bai motsa ba kafin ya nema, kuma a cikin shekara 20 da suka gabaci wannan, jimillar zamansa ta kai shekara 15. Wato doka ta san mutum yana fita ya dawo. Lissafi kawai take so.

To, lissafin ne babu. Ɗauki mutumin Matamaye ko Magarya a Nijar da ya zo cin rani yana saurayi, ya sami aron gona, ya yi aure, har 'ya'yansa suka gama firamare a nan. Kowace shekara yakan leƙa gida: biki, ta'aziyya, wata damina ma can yake yin ta in tsoho ya kwanta ciwo. Ya bi ta Kazaure da Daura ya ƙetare a Kwangwalam a bayan babur, ba wanda ya buga masa hatimi, don ba shi da fasfon da za a buga a kai. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi shiga ba biza har kwana 90, shi kuwa ya ɗauka ta ba shi har abada. Ba wanda ya tambaye shi, sai da aka rufe boda a 2019, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023, sannan Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Yanzu ne irinsa suka fara tunanin takarda. (Wanda mahaifiyarsa ko mahaifinsa ɗan Najeriya ne kada ya wahalar da kansa: sashe na 25 ya riga ya sa shi cikin 'yan ƙasa, ko a Damagaram aka yanke masa cibi.)

Abin da zai yi shi ne abin da ya sha gani ana yi a bakin gona. Ya fara nemo aduwarsa da dutsensa. Katin awon matarsa na asibiti yana da kwanan wata. Katin rigakafin yara yana da shi, haka rajistar makaranta da takardar cinikin fili mai sa hannun dagaci. Tsakanin waɗannan sai ya auna da abin da kowa ya sani: ya tafi kafin kullen korona ya dawo bayansa, ko yana nan aka yi wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, har ya kwana a layin banki. Inda bai tuna rana ba, ya rubuta wata da shekara, ya faɗa a fili cewa ƙiyasi ne.

Jarabar da ke nan ita ce ta cin iyaka. Manomin da ya ga gamba ta ƙone yakan ji sha'awar ƙara kunya biyu cikin ta maƙwabci, ai ba mai gani. Ranar da aka kama shi, har kunyoyin da suke nasa na halak sai an sake auna su, don maganarsa ta zube. Wanda ya ɓoye daminar da ya yi a gida, ranar da wata takarda ta tona shi, shekarunsa goma sha tara na gaskiya ma sun shiga zargi. Ga shi kuwa bai buƙaci ɓoyewar ba, tunda doka ta bar masa rarar shekara biyar.

'Yan uwanmu da ke Ingila nasu ma'aunin ya fi tsanani. Can kwana ake ƙirgawa: kada fitarka ta wuce kwana 450 a shekara biyar, ko 90 a shekarar ƙarshe. Sai dai su hukuma tana ajiye bayanan shiga da fita, mutum yana iya rubuta mata ya nemi nasa.

Abin da ya fi burge ni a dokarmu shi ne sharaɗin da ya ce sai gwamnan jiha ya gamsu cewa jama'ar wurin sun karɓi mutum, ya kuma saje da su. Gwamna bai san shi ba. Liman ya san sahun da yake tsayawa, mai unguwa ya san mangala nawa ta taki yake kai wa gonar aro kowace bazara. Amma takardun a Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida a Abuja ake tace su, shugaban ƙasa ne mai amincewa, kuma jami'in da ke can hatimi ya saba karantawa. Matuƙar ba a ba shaidar dagaci da maƙwabta nauyin da ake ba ta a rikicin gona ba, wannan ƙofa ta manyan 'yan kasuwa masu fasfo ce, mutumin Matamaye kuwa zai ci gaba da noma gonar aro yana kauce wa shingen jami'an shige da fice a hanyar Daura.