Hasumiyar Bayan Loco

A shekarar 2007, lokacin da mutumin Kawo ko Unguwar Rimi a birnin Kaduna ke zuwa shagon intanet ya biya kuɗin awa guda ya zauna jiran shafi ya buɗe, wata ƙaramar ƙungiya a Kafanchan, can kudancin jihar Kaduna, ta ɗauko aikin da manyan kamfanonin sadarwa ba su hango riba a cikinsa ba.

Gidauniyar Fantsuam ce, wadda aka kafa a 1996 ƙarƙashin jagorancin John Dada, mazauninta a unguwar Bayan Loco. A wancan lokacin, intanet ɗinta ta tauraron ɗan'adam take zuwa, ta faifan da ake kira VSAT, kuma kowane wata sai ta biya wajen dala 1,800. Abin da take samu a wannan tsada, kilobit 128 ne a daƙiƙa. Wayar da ke aljihunka yau ta ninka haka nesa ba kusa ba.

Sai mutanen gidauniyar suka ce tunda babu makarantar da za ta iya ɗaukar wannan kaya ita kaɗai, a haɗu a ɗauka. Da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada da injiniyoyin kamfanin IT +46 na Suwidin, suka kafa hasumiyar ƙarfe mai tsawon mita 45, suka ɗora mata eriya. Makaranta ko asibiti ko wurin ibada sai a kafa masa ƙaramar na'urar rediyo a kan rufi, a saita ta tana kallon hasumiyar. Sharaɗin ɗaya ne, eriya ta hango 'yar'uwarta. A irin wannan tsari, inda tudu ko bishiyoyi suka shiga tsakani, sai a sa wata na'urar a wuri mai tsayi ta karɓi saƙon ta miƙa gaba. Ba haƙa rami, ba shimfiɗa waya. Wutar NEPA kuwa ba abin dogaro ba ce, don haka suka haɗa faifan sola da batura. Suka raɗa wa tsarin suna Zittnet, suka koya wa matasan garin kula da shi.

A watan Afrilun 2008 aka yi ruwa da iska mai ƙarfi. Hasumiyar ta karye ta faɗo kan gine-gine, har da ɗakin koyar da kwamfuta. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Gidauniyar ba ta rufe ƙofa ba, ta ci gaba da aikinta.

Yau a tsakiyar Kaduna sabis ba matsala ba ne. Amma ka wuce Rigachikun ka nausa ƙauyukan Igabi da Giwa, za ka tarar da masu hawa tudu don a ji muryarsu a waya. Kayan da Fantsuam ta saya da tsada sun yi araha yanzu. Shugabannin ƙananan hukumomin nan su je Kafanchan su tambayi yadda aka yi.