Ɗan gari da baƙo: yadda ake gane tsuntsayen zangon Anaca, Inugu da Fatakwal

Da zarar damina ta ɗauke, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, sararin samaniyar kasuwannin shanu na kudu maso gabas yakan sake kama. A garkar Ugwuoba da ke kan hanyar Inugu zuwa Anaca, da bakin gadar Anaca, da unguwannin Hausawa na Oyigbo a gefen Fatakwal, shirwa takan yawaita tana shawagi, balbela kuma ta cika tsakanin ƙafafun dabbobi. Yawancin fatake sukan ɗauka a nan suka tarar da su. Alhali da dama daga cikin tsuntsayen nan 'yan cin rani ne kamar su, wasu ma daga gari ɗaya suka taso.

Masana sun kasa tsuntsayen ƙasar nan kashi uku: waɗanda ba sa barin wurinsu, da masu kai da komowa tsakanin arewa da kudu bisa ga ruwan sama, da baƙin da ke tahowa daga Turai da Asiya idan sanyi ya kore su. Mai son rarrabe su ba sai ya mallaki tabarau mai hangen nesa ba. Ya dubi baki, da ƙafa, da wutsiya, da yanayin tafiya, sa'an nan ya tambayi kansa wane wata ake ciki.

A fara da shirwa, tunda babu mahaucin da bai san ta ba. Launinta ƙasa-ƙasa ne, wutsiyarta a tsage take, tana karkata ta hagu da dama kamar matuƙin kwalekwale. Tamu ta Afirka bakinta rawaya ne. Takan sauka kudu da rani, ta koma arewa idan ruwa ya fara zuba. Tana da 'yar'uwa da ke zuwa daga Turai, wadda a nesa ba a bambanta su, sai an lura cewa bakin baƙuwar baƙi ne. Hankaka kuwa, mai farin ƙirji da farar wuya, ɗan gari ne. Rani da damina yana nan.

Balbela ma ana yawan rikita ta da wani farin tsuntsu. Ita gajeriyar wuya gare ta, bakinta rawaya, kuma bin dabbobi take yi tana cafke farar da suka tayar daga ciyawa. Lokacin ƙwai kanta da bayanta sukan yi ja-ja. Wanda ake gani tsaye cikin ruwa yana dakon kifi, siriri, mai baƙin baki da baƙaƙen ƙafafu amma yatsunsa rawaya, wannan ƙaramin farin zalɓe ne. Balbela dai ba ta da tsara a yawo: da kanta ta ƙetare tekun Atlantika zuwa Kudancin Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, yau kuma har a Amurka ta Arewa tana bin shanu.

Baƙin nesa sun fi wuyar ganewa, domin ƙanana ne kuma sukan iso cikin tufafin da ba na ado ba. Akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ciki da doguwar wutsiya da yake kaɗawa sama da ƙasa, yana sassarfa kusa da kofaton saniya. A Turai da yammacin Asiya yake ƙwai, ya ƙetare Sahara ya zo mana, ya koma wajen Afrilu. A kan yashin da kogin Neja ke bari idan ya janye a Anaca, za a ga wani mai farin ciki da bayan toka-toka, shi kaɗai, yana ta girgiza gindi kamar wanda ƙasa ta ƙona. Mazauninsa ya faro daga Turai har gabashin Asiya. A laka da dazukan bakin teku na wajen Bonny kuma akwai mai dogon baki lanƙwasasshe zuwa ƙasa, wanda ke ƙyanƙyasa a can arewacin Turai da Rasha.

Tsattsewa ita ce ta fi ba da mamaki. Wadda ke sheƙa a ƙarƙashin gada da soron masallaci, baƙa mai farin tabo a kan gindi, tamu ce. Baƙuwar tana da jan maƙogwaro, da baƙin ɗamara a ƙirji, da wutsiya mai dogayen reshe biyu. A Ebbaken da ke yankin Boje, ƙaramar hukumar Boki ta Jihar Kuros Riba, an ƙiyasta sama da miliyan ɗaya daga cikinsu na kwana a ciyawar gefen tsauni a lokacin rani. Turawa sun daɗe ba su san inda tsuntsayensu ke ɓacewa ba, har sai da aka harbo wata farar shamuwa a Klütz ta ƙasar Jamus a 1822 da mashin Afirka soke a wuyanta.

Shamuwar da Bahaushe ya sani daban ce: baƙa ce mai farin ciki, kuma tafiyarta ba ta zo daidai da ta shirwa ba. Takan iso Kano da Katsina da Maraɗi gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, da kaka kuma ta nufi kudancin Afirka. Wanda ke zaune a Fatakwal ba zai gan ta a kan sheƙa ba. Haka nan mai son ganin agwagwar Turai cikin dubbai, sai ya je dausayin Haɗeja da Nguru, inda Yarima Philip na Ingila ya ziyarci Dagona a 1989, kuma tafkin Nguru ya shiga jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar a 2000.

Inda batun ya wuce nishaɗi shi ne kan ungulu. An ce ungulu ba ta jewar banza, kuma da ba a raba ta da mahauta. Yanzu mutum zai yini a mayanka bai ga ko ɗaya ba. Ƙungiyar IUCN ta sanya ungulun gida, mai siririn baki da jan kai mara gashi, cikin halittun da ke dab da ƙarewa tun 2015. Cinikin kanta da sassan jikinta domin magani na daga cikin manyan dalilai, kuma Nijeriya na cikin manyan kasuwannin wannan ciniki. Gaskiya ce mai ɗaci, amma wasu daga cikin masu farauta da masu sayarwa namu ne. Asarar kuwa ta kowa ce, don mushen da ungulu ba ta ci ba, karnuka da ƙuda ne za su gada.

A nan ne kuskuren gani ke da tsada. A yankin Neja Delta akwai wani babban tsuntsu fari da baƙi mai ja a kewayen ido, wanda ke cin kwakwar manja a bakin rafi. Ungulun kwakwa ce, ba ita ce mai share mahauta ba. Jami'in da ya ga wannan ya rubuta cewa ungulu na nan da yawa, ya ɓatar da duk wanda zai karanta rahotonsa. Dokar kare halittu masu fuskantar ɓacewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, tana hannun ma'aikatan tarayya, kuma ba za ta yi aiki a tashar mota ko bakin kasuwa ba idan mai binciken bai san abin da ke cikin kejin ba. Aku mai toka da jar wutsiya, wanda ke kwana a dajin Orashi na Jihar Ribas, an hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe a taron CITES na 2016, amma har yau ana ganinsa a keji.

Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana gudanar da aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, wanda ya dogara ga 'yan sa-kai da ke rubuta abin da suka gani, da wurin, da ranar. Mahauci ko mai kiwon da ya shekara ashirin a zango ɗaya ya san watan da shirwa ke isowa, ya kuma san shekarar da ya daina ganin ungulu a kan rufin mayanka. Irin wannan bayanin ne taswirar ke nema, kuma da Hausa za a same shi.