Amsar Wasiƙunku: Kyanwoyi Sun Cika Mana Kasuwa, Mu Sa Musu Guba Ne Ko Mu Zubar Da Su A Daji?

Takardar da muka zaɓo a wannan mako ta fito ne daga hannun wani Alhaji mai sana'ar hatsi da busasshen kifi a wata kasuwar ƙauye ta ƙasar Haɗejia, wanda ya roƙi mu sakaya sunansa. Ga abin da yake cewa a taƙaice. Kyanwoyin da ba su da masu su sun cika musu kasuwa, suna haihuwa a bayan buhuna, suna ɗauke musu kifi, da dare kuma muzurai su hana maƙwabta barci da kuka da faɗa. Mutanen layinsu sun rabu biyu. Wasu sun ce a barbaɗa shinkafar ɓera a jikin kifi a ajiye musu kowa ya huta, wasu kuma sun ce a ɗura su a buhu a ba direban babbar mota ya zubar da su can cikin daji. Shi ne yake tambaya, wanne ya fi?

To Alhaji, mun gode ƙwarai da wannan takarda, kuma madalla da ka tsaya ka yi tambaya kafin ka aikata. Amsarmu a gajarce ita ce, duk cikin biyun babu na zaɓe. Akwai hanya ta uku wadda ta fi sauƙi ga dabbar, ta kuma fi amfani ga aljihunka, watau a bar su inda suke, a ɗan ciyar da su, a rage musu haihuwa, a yi musu allurar rigakafi. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko maganar guba. Ka san ita guba ba ta san wanda aka ajiye ta dominsa ba. Kifin da ka barbaɗa wa magani, kaza na iya tsattsagarsa, karen wani na iya ɗauka, kuma Allah Ya kiyaye, yaron da ke yawo a kasuwa da yunwa na iya tsinta ya kai baki. Bugu da ƙari wurin nan na abinci ne, buhunan gero da dawa da wake ne jibge, gobe kuma cikin mutane za su shiga. Ita kanta kyanwar mutuwar wahala za ta yi, ta lallaɓa ta shige bayan kaya ta mutu a can, sai wari ya sanar da kai.

Zubarwa a daji kuma kashewa ce a fakaice. Kyanwar da ta tashi a kasuwa ba ta san inda ruwa yake a daji ba, ƙishirwa da yunwa da karnuka ne za su gama da ita, wadda ta tsira kuwa sai ta faɗa ƙauyen da ke kusa ta shiga cin 'yan tsakin mutane. In kuma mai shayarwa aka ɗauke, to, 'ya'yanta na nan a bayan buhunanka, kwana biyu uku sai su mutu.

Sa'an nan ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Me ya tara kyanwoyin a kasuwarku tun farko? Abinci ne da mafaka da ɓeraye. In ka kwashe guda ashirin yau, waɗannan abubuwa uku suna nan, saboda haka ba a daɗe ba wasu za su zo daga unguwannin da ke kewaye su maye gurbinsu. Kafin su zo kuwa ɓeraye sun sami sarari sun yi ta ɓarna. Ka ga an yi ba a yi ba ke nan.

Yanzu mu duba ta fuskar addini, don mun san abin da zai fi damun mai imani ke nan. Hadisi ya inganta a Buhari da Muslim game da wata mata da ta shiga wuta saboda kyanwa, ta tsare ta har ta mutu, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik kuma an ruwaito Sahabi Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar ruwan alwalarsa ta sha, ya kuma bayyana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ita ba najasa ba ce. Shi ya sa malamanmu suke cewa sauran ruwanta mai tsarki ne, sai fa in an ga najasa a bakinta. Shi kansa Abu Huraira ai laƙabin nasa daga 'yar kyanwar da yake ɗauka ya samo shi. Masu tarihi kuma sun ruwaito cewa Sarkin Masar Zahir Baibars, wanda ya yi mulki daga 1260 zuwa 1277, ya yi waƙafin wani lambu a Alƙahira don a riƙa ciyar da kyanwoyin birni marasa galihu. Batun da ake yi cewa baƙar kyanwa mayya ce ko aljana, har yara su bi ta da jifa, wannan camfi ne kawai. Launin gashi ne, kamar yadda ake samun baƙar akuya da ja.

To me ya sa suke yawa haka? Cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, watau mako tara. Takan haifi uku zuwa biyar, kuma a ƙasa mai zafi irin tamu tana iya haihuwa sau biyu a shekara, wani lokaci har sau uku. 'Yar da aka haifa kuwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata biyar ko shida. Amma fa galibin 'ya'yan ba sa rayuwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2004 ya bi diddigin 'ya'yan kyanwoyin da ke zaman kansu, ya tarar kashi 75 cikin 100 sun mutu ko sun ɓace kafin su cika wata shida. Watau uwar na ta ɗaukar ciki tana ramewa, 'ya'yan na ta mutuwa, waɗanda suka rage kuma sun isa su cika muku kasuwa.

Maganin wannan shi ne aikin hana haihuwa a asibitin dabbobi. Muzuru dandaƙa ake yi masa, kamar yadda kuka saba yi wa bunsuru ya zama taure, macen kuma a cire mata mahaifa. Muzurun da aka dandaƙe yana rage yawo da faɗa da kukan dare da fitsarin nan mai ƙarni da yake fesa wa kaya, amma kamun ɓera yana nan yadda yake. A ƙasashe da dama haka ake yi, a kama su, a yi musu aiki, a mayar da su inda aka ɗauko su, a kuma ɗan yanke tsinin kunne ɗaya don a gane wadda aka riga aka yi wa. Ƙasar Italiya ma doka ta kafa a kan haka tun 1991, ta hana a kashe kyanwar titi sai mai tsananin ciwo ko wanda ba ya warkewa. Waɗanda aka mayar sun riga sun san wurin, suna cin abin da ke akwai, baƙi ba sa samun gurbi da sauƙi, a hankali kuma yawansu ya ragu.

Amma Alhaji, a kiyaye, wannan ba aikin wanzami ko na mahauci ba ne. Sai likitan dabbobi, da allurar barci da kayan aiki masu tsabta. Ku tuntuɓi asibitin dabbobi na ƙaramar hukumarku ko na babban birnin jiha, akwai kuma manyan asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. In kuɗi ba su isa a yi wa duka ba, ku 'yan layi ku yi karo-karo ku fara da matan, don su ne masu haihuwa. Malamai sun yi saɓani a kan dandaƙar dabbar da ba a cin namanta, wasu daga cikin malaman zamani sun halatta in akwai maslaha kuma ba za a azabtar da ita ba, saboda haka ba laifi ka ji ta bakin malamin garinku. Wajen kamawa kuma kada wani ya sa hannu. Kyanwar kasuwa ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi. A sa kifi a cikin kejin waya mai ƙofa, in ta shiga a rufe, a lulluɓe kejin da tsumma don hankalinta ya kwanta.

Sai batun ciyarwa. Mutane na cewa in ka ƙosar da kyanwa ba za ta kama ɓera ba. Ba haka ba ne. Farauta ɗabi'arta ce, ko ta ƙoshi tana yi, kuma mai yunwar ce ma take afka wa kifinka. Ku ware wuri guda a bayan layi, nesa da kayan abinci, ku riƙa ajiye musu kan kifi da dafaffen guntun kayan ciki daga wurin mahauta, sau ɗaya a rana a lokaci guda, da safe ko kafin magariba, in sun gama a kwashe saura don kada ya jawo ɓeraye. Tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, don jikinta na nama ne, rashinsa na iya taɓa mata ido da zuciya. A guji ba ta abinci mai albasa ko tafarnuwa da yawa, suna lalata mata jini. Madarar shanu kuma takan sa da yawansu zawo. Abin da ya fi komai lada da araha shi ne ruwa. Kasko guda a inuwa, a sake ruwan kullum, musamman da bazara.

Kai ma kuma da naka gyaran, don Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kifin da aka bari a buɗe a kan faranti ai gayyata ce. A sa shi a kwali ko kwando mai murfi, a ɗora buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango, a toshe ramuka, a share zubabben hatsi. Manomi mai kaji kuma ya kwana da 'yan tsakinsa a akurki mai ƙofa, don mai kaza da muzuru ba a taɓa shiryawa ba.

Kada kuma mu yi maka alkawarin da ya wuce gaskiya. Kyanwa na kama ƙananan ɓeraye, amma ba kowace ce ke iya tarar gafiya ba. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda aka yi a gidajen manoma na ƙasar Suwaziland, wadda ake kira Eswatini tun 2018, ya nuna ɓeraye sun fi jin tsoron fitowa cin abinci a gidan da ke da kyanwa da kare tare, fiye da gidan da ke da ɗaya kawai. Ma'ana, kyanwa mataimakiya ce, sai an haɗa da tarko da tsabta da rufe abinci. Kuma yaƙi da ɓera ya wuce maganar asarar hatsi. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yanzu, daga fitsari da kashin wani irin ɓera yake shiga abinci. Saboda haka ɓeran da kyanwa ta kashe ta bari, kada a ɗauka da hannu, a sa shebur a binne shi.

Daga ƙarshe lafiyarku. Ciwon haukar kare na kama kyanwa, ko da yake kusan duk mutanen da yake kashewa daga cizon kare suke samunsa. Ana yi mata allurar rigakafi tun tana wata uku, sai ku nemi a haɗa da ita ranar da aka kai ta aiki, tare da maganin tsutsar ciki. Wanda kyanwa ta ciza ko ta yakusa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, ya tafi asibiti a ranar, kada ya tsaya shafa toka ko barkono, don in alamun wannan ciwo suka bayyana magani ya ƙare. Mace mai ciki kada ta kwashe kashin kyanwa, akwai wata ƙwayar cuta a ciki da ke iya taɓa ɗan tayi. Kada kuma a tausaya wa kyanwa marar lafiya a ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Haka nan maganin feshin ƙwari na gona ko na kaskar kare, ba a shafa mata. Direbobi kuma da sanyin hunturu ku riƙa bubbuga murfin inji kafin ku tayar da mota, sukan shige ciki don neman ɗumi.

'Ya'yan da aka riga aka haifa fa? A bar su da uwarsu har mako takwas. In ana ɗan taɓa su a hankali tun suna mako uku zuwa bakwai, za su saba da mutane, sai ku ba manoman da ke zuwa cin kasuwa masu neman mai gadin rumbu. Wanda ya karɓa ya ajiye ta a ɗaki mako biyu ko uku da abinci da ruwa da kaskon yashi, har ta san nan ne gida, kana ya sake ta.

To Alhaji, ka ji amsar takardarka. Ka tara 'yan layinku ranar kasuwa mai zuwa ka karanta musu wannan shafi, ku fara da kaskon ruwa da murfin kwando, waɗanda ba sa cin ko sisi, kafin ku kai ga likita. Muna kuma so ka sake rubuto mana bayan damina mu ji yadda aka kwana. Allah Ya sa albarka a kasuwa, Ya ba mu ikon tausaya wa abin da ke ƙarƙashinmu.