Wa Zai Ɗauki Asara In An Fasa Gasar Kacici-kacici?

Gasar kacici-kacici tsakanin makarantu tana cin kuɗi: hayar mota, abincin ɗalibai da kyaututtuka. Shi ya sa masu shiryawa ke ganin ya dace a ci tarar makarantar da ta janye a ƙurarren lokaci.

Amma sai an duba dalili. Makarantar garin Tambuwal tana bakin babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega. Ta ƙauyukan Kebbe kuwa, ruwan damina ko fargabar 'yan bindiga na iya hana ta zuwa, kamar yadda annobar korona ta rufe makarantu a 2020. Mai sakaci ya biya, mai uzuri a yafe masa. In masu shiryawa suka fasa, su mayar da kuɗin rajista.