Me ke faruwa idan banki ya ce "muna sabunta tsarinmu"?

Duk mai asusu a banki ya san saƙon nan na cewa za a dakatar da hada-hada a ƙarshen mako. A Oktoban 2024, da GTBank da Zenith suka sauya babbar manhajar da ke riƙe da asusun jama'a, an yi kwana da kwanaki ana ƙorafi a X da Facebook: an tura kuɗi ba su shiga ba, manhajar waya ta ƙi buɗewa.

To wai mene ne abin wahala? Ba kwashe bayanai ba ne kawai a zuba a sabon wuri?

Ina! Tsohuwar manhaja takan yi shekaru ana yi mata faci. Yadda ake cire caji, yadda ake rufe lissafin rana, duk suna binne a cikinta, wani lokaci babu takardar da ta yi bayaninsu. Wasu ma da COBOL aka rubuta su, yaren kwamfuta na 1959, kuma da yawa cikin masu rubutun sun yi ritaya. Ƙa'ida ɗaya aka manta, lissafi ya karkace.

Bankin TSB na Birtaniya ya ɗanɗana kuɗarsa. A Afrilun 2018 ya kwashe asusun mutum sama da miliyan 5 daga tsarin Lloyds zuwa sabo a ƙarshen mako guda. Kusan mutum miliyan 1.9 suka kasa shiga asusunsu, wasu har suka riƙa ganin na wasu. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumba. Rikicin ya lashe fam miliyan 330, sannan a 2022 hukumomi suka ci bankin tarar sama da fam miliyan 48.

Shi ya sa ƙwararru ke son a yi ƙaurar kaɗan-kaɗan, a gwada sabon tsari kafaɗa da kafaɗa da tsohon, a kuma bar ƙofar komawa baya.

Ga masu koyon rubuta manhaja kuwa, nan akwai abinci. A 2020, da tsarin biyan tallafin marasa aiki ya cushe lokacin korona, gwamnan New Jersey a Amurka fitowa ya yi yana cigiyar waɗanda suka iya COBOL. Kowa na rububin sabon yayi, amma wanda ya iya karanta tsohon rubutu ya fassara shi zuwa sabo, shi ake nema ruwa a jallo.