Harlem: unguwa ta yi arziki, tsofaffin mazaunanta na tashi

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Yamai da ya taka birnin Niyu Yok na Amurka a farkon shekarun 1990 ya san titi na 125 da ke unguwar Harlem. A bakin wannan titi ne fataken Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawan Nijar, suke baza tebur suna sayar da atamfa, huluna da duwatsun wuya. Da aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, kowace dala da suka aiko gida ta ninka biyu. Sai dai a watan Oktoba na wannan shekara, magajin gari Rudolph Giuliani ya turo ƴan sanda suka tashe su, aka mai da su kasuwar Malcolm Shabazz a titi na 116. Mutane da yawa suna ƙirga wannan rana cikin alamun farko na juyin da ya sami unguwar.

Tun wajen 1910 baƙaƙen fata suka riƙa kwararowa Harlem daga kudancin Amurka, suna gudun wariya. A 1950, tsakiyar unguwar na da mutum sama da dubu 230, kashi 98 cikin 100 baƙaƙe ne. Daga baya talauci da miyagun ƙwayoyi suka cinye ta. Masu gidaje suka gudu suka bar su saboda bashin haraji, har hukumar birni ta wayi gari tana riƙe da fiye da rabin gidajen kwana. A 1990 mazauna sun ragu zuwa kimanin dubu 100, kuma fararen fata a cikinsu ba su kai 700 ba.

A 1994 gwamnati ta sa Harlem cikin wani shiri na farfaɗo da matalautan unguwanni, aka ware dala miliyan 300 don jawo masu jari. Manyan kantuna suka buɗe, tsohon shugaba Bill Clinton ya kafa ofishinsa a titi na 125 a 2001. Kangwaye suka koma benaye masu tsada. Kafin 2008, fararen fata a tsakiyar unguwar sun haura dubu 13, baƙaƙe kuma sun koma kimanin 6 cikin 10. Ƴan Latin Amurka da na Asiya su ma suka ƙaru.

A kan takarda, abin da magidancin Harlem ke samu a shekara ya hau. Amma wannan lissafi yana da ruɗi. Idan likita da ma'aikacin banki suka tare a gidan da direba da mai aikin shara suka bari, matsakaicin samun unguwa zai ƙaru ba tare da ko sisi ya shiga aljihun direban ba. Binciken jami'ar Niyu Yok ya nuna kuɗin haya a tsakiyar Harlem ya ƙaru da kashi 53 cikin 100 tsakanin 1990 da 2014.

Ba a musun alherin da aka samu: kisan kai ya ragu ƙwarai, tituna sun gyaru. Baƙaƙen da suka mallaki gida tun lokacin araha sun ci riba mai yawa. To amma mafi yawan ƴan unguwar ƴan haya ne. Wanda ke gidan gwamnati, ko gidan da doka ta kayyade hayarsa, ya iya zama. Sauran kuwa da dama sun tattara sun nufi Bronx, wasu sun koma kudu inda kakanninsu suka fito. Ƴan Afirka masu shaguna da gidajen abinci a titi na 116 su ma haya ta kori da yawansu.

Waɗanda suka jure wa Harlem a shekarun wahala, yawancinsu ba su da takardar gida a hannu ranar da gidan ya yi daraja.